Igiyar da Aka Zarga wa Inna Yabawa

Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Malam Burahima Tafinta, a Gure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya gida, ya damina, ya gwiwar taka? Ni nan lafiya lau, sai kewar gida.

Baba, na san za ka yi dariya ka ga takarda daga wurina, ni da nake maka tsiya kullum a kan ƙin waya. To, na sallama. Ranar da na kira ka ina ta ihu kana cewa in ɗaga murya, har 'yan ɗakinmu suka leƙo, sun zaci faɗa nake da wani. Gara in bi hanyarka, in ba Abatcha direba ya kawo maka har gida.

Ga buƙatata. Malaminmu na fannin shari'a ya raba mana aikin ƙarshen shekara, nawa ya faɗo a kan kalmomin da Bahaushe yake ɗora wa mutum laifi da su: zargi, tuhuma, ƙazafi, ƙara da sauransu. Me kowace take nufi, kuma daga ina ta samo asali? Na buɗe ƙamus, sai na ga ya jera mini kalmomi huɗu ya ba su fassara ɗaya da Faransanci, kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kai kuwa ka tsufa a tsaye tsakanin alƙali da talaka a gidan shari'a na Gure, kana juya wa wannan maganar wancan. Don Allah ka rubuto mini abin da ka sani. Kada ka ce in je in tambayi malamaina, na tambaye su, su ma Faransancin suka maimaita mini.

Sai wata magana. Inna Yabawa ta saba sa a ɗauki muryarta a turo mini duk Juma'a, tana mini faɗa a kan cin abinci da rufe ƙafa saboda sauro. Kwana biyu shiru. Lafiya dai? Ka san tun da Mama ta rasu ina cikin zanen goyo ban san wani baya ba sai nata, shirunta ba ya barina in yi karatu. Ka leƙa ta katanga ka ce mata ina fushi, kuma wainar Yamai ba ta kama ƙafar tata ba.

A gaida mutanen unguwa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Salima

*

Gure, ranar Laraba

Zuwa ga uwata Salima.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta na sake. Gwiwa tana nan da halinta. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, sai dai sauro ya yi mana sansani.

Yau ga 'yar jami'a ta dawo makarantar tsoho. Madalla. Ki gyara zama.

Farko akwai zato. Shi a ciki yake zaune, bai fito baki ba, shi ya sa aka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Idan ya fito baki ya sauka a kan mutum, ya zama zargi. Ni a ganina, kuma ki rubuta cewa ganina ne, ban karanta a littafi ba, zargi ɗan'uwan zarge ne, irin wanda ake wa akuya da igiya a wuya. Ba a yanka ta ba, ba a ce ma za a yanka ba, amma duk inda ta nufa igiyar na biye da ita, idan ta fizga sai ta ƙara shaƙe ta. Tuhuma kuwa baƙuwa ce, Larabci ne ya kawo mana ita tare da littattafan alƙalai, kuma tushenta a can yana komawa ga abin da zuciya ta raya wanda bai tabbata ba. Wato wanda ake tuhuma ba a gama da shi ba. Wannan ne nake ta fama da yaran tafintoci a kai kafin in aje aiki. Da an shigo da mutum sai su ce ga mai laifi nan, alhali alƙali bai ko buɗe baki ba. Laifi ma daga Larabci yake, shi da aibu kakansu ɗaya. Ƙara kuwa tamu ce: kuka ne. Wanda ya kai ƙara kukansa ya kai inda za a ji.

To, uwata, na so in tsaya nan, amma kin tambaye ni Yabawa, kuma ban taɓa yi miki ƙarya ba.

Kin san Farida, ɗiyar Isufu da Habsu ta gidan da ke kallon namu, wadda ba ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba tukuna. Zazzaɓi ya kama ta, ya yi tsanani har tana fizge-fizge tana sambatu. A cikin sambatun take kiran sunan Yabawa. To wa za ta kira? Yarinyar da kullum da safe take tsugunne gaban tanda, Yabawa na ba ta wainar farko tana hura mata. Amma kakarta Fanna, uwar Isufu, ta ji sunan nan sai ta dafa ƙirji ta ce ai an kama kurwar yarinya, Habsu kuwa ba ta musa mata ba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka: Yabawa mayya ce.

Matar da ta yi zaman unguwar nan tun kafin a haifi Isufu. Amma mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba, danginta na can ƙauyukan Manga, ba mai tsaya mata. Yanzu har mutuwar 'ya'yan nata an tono, ana cewa da ma. Ba mai sayen wainarta. Jiya na ga ta juye kwanon waina guda a gaban awakina, ta koma ciki. Ni nake aikawa in saya, har ta gane ta ce in daina, tsoho ɗaya ba ya cin wainar mutum goma.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye miki ba. An kai yarinyar asibiti, tana can ana mata ƙarin ruwa. Ki yi mata addu'a, ki yi wa Innarki.

Ki ci abinci. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Burahima

*

Yamai, ranar Asabar

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwar.

A tasha na karanta takardarka a tsaye, na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Inna ce mayya? Innar da ta tauna ta ba ni? In da tana cin mutane ai da ni ta fara, ga ni maraya a bayanta ba mai tambaya. Habsu kuma, wa ya dafa mata ruwan wankan jego lokacin da ta haifi Faridar? Ita Fannar tana ina a lokacin?

Baba, ka tsallake kalma ɗaya a cikin jerin da na ba ka, kuma na san da gangan ka yi. Ƙazafi. Wannan ba zargi ba ne, ƙazafi ne tsirara, kuma doka ta hana ɓata sunan mutum. Ba sai na koya maka ba, kai ka sha juya irin wannan shari'ar. Ka ɗauki Inna ku je wurin jandarma a rubuta ƙara a kan Fanna da Habsu. Duk wanda ya ji da kunnensa shaida ne. A kira su, su maimaita a gaban hukuma idan suna da bakin maimaitawa. Ranar da aka ga takardar kira a ƙofar Isufu, ranar unguwa za ta koyi riƙe harshenta. Idan ba haka ba gobe wata tsohuwar za su kama.

Zan iya zuwa da kaina. Jarrabawa ce a gabana, amma ba ta fi Inna ba. Ka ce in zo kawai.

Aikin nan kuma na ture shi gefe. Ina zaune ina jera kalmomi kamar mai tallar goro, su kuwa suna can suna yanka mutum da su. Ban ga amfaninsa ba yau.

Ka gaya wa Inna ina sonta, kuma duk wanda ya taɓa ta ni ya taɓa. Ya jikin yarinyar? Ita ba ruwanta, Allah ya ba ta lafiya.

Ɗiyarka,
Salima

*

Gure, ranar Talata

Zuwa ga uwata Salima.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina lafiya. Ki zauna ki yi jarrabawarki, ban ce ki zo ba. Zafin kan nan naki na san inda kika gado shi, ba daga wurin marigayiya ba ne.

Kin kama ni, da gangan na tsallake ƙazafi. To ga shi. Larabci ne, kuma asalin ma'anarsa jifa. A littattafan fiƙihu an keɓe shi ga wanda ya jefi mutum da alfasha ba shaidu, mu kuma Hausawa muka faɗaɗa shi ya rufe duk ƙaryar da aka laƙa wa mutum don a zubar masa da mutunci. Ki lura, mai jifa daga nesa yake, ba ya matsowa ya ga inda dutsen ya fasa. Shaida kuma, tunda kin ambace ta, asalinta wanda ya halarta ya gani da idonsa. A maganar nan ba wanda ya ga komi, kowa ji ya yi. Kada ki ture aikinki. Wanda bai san sunan ciwo ba ai ba ya neman maganinsa.

Na kai wa Yabawa shawararki, domin ni ma ita ce a raina. Na sa babbar riga na shiga, na yi mata bayani dalla-dalla kamar ina gaban alƙali. Ta bar ni na gama, tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Malam, Habsu na can asibiti ba ta ci ba ta sha, ɗiyarta a kwance. A wannan halin zan aika mata da jandarma?" Na ce to Fanna fa? Ta ce, "Fanna tsoro ne ya yi mata yawa. Jikarta ce." Na fito ina ta faɗa ni kaɗai har awaki na kallona.

Ana wata ga wata. Majo Rashidu, babban ma'aikacin jinya da aka turo mana daga Tawa, ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau wa yarinyar kai, kuma magani yana bukatar lokaci. Fanna ba ta yarda ba. Ta je wurin mai unguwa ta ce a sa Yabawa ta zo ta tsallake yarinyar. Ke ba ki taɓa gani ba, ni na gani ina yaro. Ana shimfiɗe marar lafiya a ƙasa, wanda ake zargi ya ƙetare shi a gaban jama'a, wai ta haka yake sakin kurwar da ya kama. Fanna har cewa ta yi sai Yabawa ta tuɓe zane kamar yadda ake yi a da. Nan dai mai unguwa ya tsawata mata, Allah ya saka masa. Amma ta rantse idan ba a tsallake ba zuwa Juma'a, za ta zare robar ruwan nan ta ɗauke yarinyar zuwa wurin wani boka a wajen Kelle. Isufu ba ya iya musa wa uwarsa. Majo ya ce idan aka fitar da ita a haka, shi bai ga yadda za ta kai ba.

Kin ga inda muke: gaba kura baya sayaki. Idan Yabawa ta ƙi, aka ɗauke yarinya ta mutu a hanya, za a ce ita ta cinye ta. Idan ta tsallake, ta amsa. Ki ƙara wannan a aikinki: iƙirari. Larabci ne, ma'anarsa tabbatar da abu a kan kai. A gidan shari'a ba abin da ya fi shi nauyi, yana shigowa shaidu sai su koma gida. Tsallaken nan iƙirari ne da ƙafa. Kuma idan yarinyar ta warke bayansa, wanda muke roƙon Allah ta warke, sai a ce ga shi nan, ta saki. Har kabarinta sunan zai bi ta.

Na ce mata kada ta je. Na ce zan zauna da Isufu, zan kai maganar gaban liman. Ta ci gaba da aikin gabanta. Ina tsoron za ta je.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Mahaifinki,
Burahima

*

Yamai, ranar Laraba

Baba, assalamu alaikum, ina gaisuwa. Wannan ba taka ba ce, ta Inna ce. Abatcha ya ce gobe zai kama hanya, don Allah da ta iso ka shiga ka karanta mata a hankali, kada ka rage komi.

Inna, ɗiyarki ce Salima. Ina kwana, ya ƙarfin jiki, ya haƙuri?

Inna, ban taɓa roƙonki abu kin hana ni ba, har ɗankwalinki na sallah kin taɓa yanka mini na yi wa 'yar tsana riga. Yau ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki tsallake yarinyar nan. Ba ki kama komi ba, ba ki da abin saki. Magana zarar bunu ce, in kin ɗaga ƙafar nan ba mai mayar da ita. Ina so ranar aurena ki zauna a wurin uwa, mata su zo su gaishe ki, ba a riƙa janye yara ana raɗa ba. Ina so 'ya'yana su ci wainarki a ƙofar gida kowa na gani.

Na fasa maganar jandarma tunda ba ki so. Amma ki haɗa kayanki ki biyo Abatcha. Na yi magana da matar da muke haya a gidanta, akwai ɗaki. Ki zo ki huta har ƙurar ta kwanta. Baba da Majo da liman su ji da Fanna, ai maza ne, su yi aikinsu.

Na san abin da za ki ce, za ki ce yarinya fa. Ni ma ina tunaninta, wallahi ina yi. Amma ni ke nake da ita, ba ni da wata.

Ki yafe mini idan na yi miki rashin kunya. Allah ya bar mini ke.

Ɗiyarki,
Salima

*

Gure, ranar Litinin

Zuwa ga uwata Salima.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Mu nan da godiya.

Takardarki ta iso da safiyar Juma'a. Na karanta wa Yabawa, ban rage komi ba. Ta saurara, ta share ido da bakin mayafi, ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin matashi. Sai ta ɗauki takalmanta. Na tare ƙofa, ni da sandata. Na ce liman ya yi wa Fanna magana, Isufu ma na yi masa. Ta ce, "Sun ji?" Ba su kuwa ji ba. Ta ce, "Malam, sunana tsoho ne, ya ci zamaninsa. Yarinyar nan ba ta fara cin nata ba. Matsa mini." Na matsa. Na bi ta a baya, tana tafe ina ɗingishi.

Majo Rashidu ya yarda ne bisa sharaɗi ɗaya, ba za a zare ruwan ba. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi a farfajiyar asibiti, aka kwantar da Farida, shi da kansa ya riƙe gorar ruwan a sama. Uwata, yarinyar ta zama kamar kara. Habsu na zaune ta tallafe mata kai. Rabin unguwa ya zo, har da waɗanda ba su taɓa zuwa dubiya ba.

Yabawa ta cire takalmi, ta yi bisimilla a fili kowa ya ji, ta tattare zane, ta tsallake. Sai na ji Fanna ta ce, "To, kun dai gani." Na dubi Yabawa, tana tsaye ita kaɗai a wancan gefen tabarma, ta sunkuyar da kai tana neman takalminta da ƙafa.

Ban shirya komi ba, kada ki ce dabara ce ta tsohon tafinta. Zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce, "Fanna, kin tabbata Yabawa kaɗai yarinyar nan ta sani? Ni ma kullum sai ta shigo gidana ta ja wa akuyata kunne. Tunda magani ake nema, a yi shi duka." Na zare takalmi, na dogara sanda, na ɗaga wannan gwiwar da ta ƙi hawa dakalin masallaci, na tsallake. Saura kaɗan in faɗi, Yabawa ce ta tare ni.

Majo ya dube ni, ya miƙa wa Isufu gorar ya ce, "Makon nan ba wanda ya taɓa ta kamar ni." Ya tsallake da farar rigarsa. Sai matar mai gyaran keke, wadda ta fi kowa yaɗa maganar, ta aje goyonta ta bi. Wata ma ta bi. Isufu ya mayar wa Majo gora, bai dubi uwarsa ba, ya tsallake ɗiyarsa yana hawaye. Mai unguwa ya ce shi babbar rigarsa ba za ta bari ba. Fanna ta juya mana baya. Habsu ba ta ɗago ba, kukanta kawai take a kan goshin yarinyar. Majo ya ce to ya isa haka, a mayar masa da marar lafiyarsa ɗaki.

Bayan sallah liman ya ja ni gefe ya ce abin da na yi ba shi da asali a addini, ni da ya kamata in hana. Na ce gaskiyarka, Malam, zan yi istigfari. Ina kan yi.

Zazzaɓin ya fara sauka jiya, ta sha kunu, ta gane uwarta. Alhamdu lillahi. Maganin Majo ne da ikon Allah, amma kin san mutane. Wasu na cewa ai Yabawa ta saki. Sai wasu su ce to ko Malam Burahima ne ya saki, ko Majo, ko uban yarinyar? Sai a fashe da dariya. Yau a majalisa har wani ya matsa mini wuri ya ce a kiyayi maye. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba na cin ƙashi. Ina ganin dariyar nan tana sassauta igiyar, amma ban ce ta cire ta ba. Yabawa ba ta fitar da tanda ba har yau. Daga gidan Isufu kuma ba wanda ya taka ƙofarta.

Akwai kalma ɗaya da ba ki tambaye ni ba, wadda ya kamata ta rufe aikinki: wankewa. Tamu ce, ba aro ba, daga wanki da ruwa. Alƙali yana iya furta ta, na sha juya ta da bakina, in ga mutum ya fita yana murna, ya koma unguwa ya tarar ba abin da ya sauya. Ki bar mini wurinta fili tukuna, ban san abin da zan ce miki a kanta ba.

Kada ki yi fushi da Innarki. Ni na yi, ya wuce.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Burahima

*

Gure, ranar Alhamis

Ɗiyata Salima,

Sallama da gaisuwa. Innarki ce Yabawa. Ni ke faɗa, babanki ke rubutawa, na ce masa kada ya ƙara gishiri.

Na ji roƙonki, ɗiyata, ban bi ba. Ki yafe mini. Ki gode wa matar gidanku, amma ba zan zo Yamai ba, a nan zan jira ki.

Yau da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na ji sallama. Habsu ce, ta goyo Farida, ƙafafun yarinyar na reto. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ba ta dubi fuskata ba, ni ma ban dubi tata ba. Sai ta kwance goyon ta ce, "Inna, zan kai niƙa. Riƙe mini ita." Ta aje mini ita a cinya, ta gyara mata hula, ta fita.

Ba ta dawo ba tukuna. Yarinyar ta yi barci a jikina, ba nauyi ko kaɗan, sai an yi ta ba ta abinci. Ƙafata ta yi tsami amma ba na so in motsa ta farka, don haka zan tsaya nan.

Allah ya tsare mini ke, ya dawo da ke lafiya.

Innarki,
Yabawa